Ranar da Kunnen Zinari Ya Wanke Muryar Babansa

Akwai wani mutum da abokan aikinsa suka laƙaba wa Kunnen Zinari. Su da zolaya suka faɗa, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu kamar an ba shi lambar yabo. A wani shagon buga takardu yake aiki, shi ke zama gaban kwamfuta yana tsara katuna da kalandu. Ba shi da rowa, ba shi da neman faɗa, aikinsa kuma ba a kushe shi. Aibinsa ɗaya ne tak: ya yarda har cikin ransa cewa shi kaɗai ya iya sauraro, sauran jama'a kunnuwa kawai aka manna musu don ado.

Abin ya samo asali ne daga wani hedifon da ya tara albashin wata uku ya saya. Wani ƙato ne mai rufe kunne ruf, ga laushin fata, ga 'yar jakarsa ta musamman da tsumman goge shi. Tun ranar da ya ɗora shi a ka mutane suka shiga uku. Ko waƙa ka kunna a wayarka sai ya yatsina fuska ya ce amon ya yi kauri, ko ya yi siriri, ko kuma gangar ta danne mawaƙin. Kai, har rediyon motar haya bai tsira daga bakinsa ba.

Wanda ya fi shan wahalarsa shi ne Dogo, mai yanka takarda a shagon. Dogo yana da wani iyafis ɗan arha irin na bakin titi, kullum yana maƙale a kunnensa yana aiki yana gyaɗa kai.

"Wai Dogo, me kake ji da wannan igiyar?" in ji Kunnen Zinari wata rana.

"Waƙa mana."

"Waƙa? Wallahi kukan sauro kake ji. Zo nan ka ji yadda ake ji."

Ya cire nasa ya ɗora wa Dogo a ka, ya tsaya yana jiran ya ga mutum ya suma don daɗi. Dogo ya saurara na ɗan lokaci, ya cire ya miƙa masa.

"Yana da daɗi kam," ya ce. "Amma yana sa kunne gumi. Kuma ai waƙar dai ita ce."

Kwana biyu Kunnen Zinari bai yi masa magana ba.

Mahaifinsa tela ne, ya rasu shekara uku kafin wannan lokaci. Bai bar hoto mai motsi ba, bai bar wasiƙa ba. Abin da ya rage na muryarsa a duniya minti bakwai ne kacal. Ƙanwar Kunnen Zinari, wadda kowa ke kira Auta ko da yake ita ma ta zama uwar 'ya'ya, ita ta ɗauki muryar da wata ƙaramar waya mai madannai, wata rana yana ɗinki yana hira bai ma sani ba. Bayan rasuwarsa ta ba mahaifiyarsu wayar. Muryar tana cikin memorin wayar, kuma babu ita a ko'ina sai nan. Kullum Auta na cewa za ta kwafa, kullum hidima na sha mata kai.

Umma, mahaifiyar tasu, ta mai da wannan minti bakwai abokin zamanta. Da hantsi, in ta gama shara ta wanke kofuna, sai ta zauna a kujerar da ke kusa da taga, ta sa iyafis ta kunna. Iyafis ɗin ma ɓari ɗaya ya mutu, an naɗe wuyansa da salatif.

Wata ranar hutu Kunnen Zinari ya zo gaishe ta ya tarar da ita a haka. Ya roƙa ta ba shi ya ji. Yana sawa a kunne ya ɓata rai. Keken ɗinki na ta ƙara, ana buga cokali a kofi, iska na hura wayar, Baba na tari, muryarsa tana matsowa tana nisa.

"Haba Umma! Shekara uku wannan hayaniyar kike saurare? Ai ba a jin Baba, keke ake ji."

"Ni ina jin shi," ta ce. "Haka ya ishe ni."

"Don ba ki taɓa jin sauti mai kyau ba ne. Ba ni memorin kwana uku, in wanke miki shi tas. Za ki ji kamar yana zaune a gabanki."

Umma ta damƙe wayar a cinyarta. Ba ta so, ko kaɗan ba ta so. Amma ɗanta ne, ga shi yana ta zuba bayani da kalmomin da ba ta sani ba, sai ta ji nauyin ta nuna ba ta yarda da iliminsa ba. Auta, da ta shigo da kwanon wanke-wanke, ta tsaya.

"Yaya, in dai za ka taɓa, don Allah ka ajiye na asalin a gefe."

"Ke za ki koya mini aikina? Ke da wayarki ke kuka kamar gwangwani?"

Auta ta wuce da kwanonta. Umma ta buɗe bayan wayar da kanta, ta ciro memorin, ta naɗe shi a 'yar takarda ta sa masa a tafin hannu.

"Ka riƙe shi da kyau, ɗan nan. Ba ni da wani."

Kwana uku ya yi a kai. Lokacin hutun cin abinci kowa ya fita, shi yana gaban kwamfuta da hedifon a ka. Ya saurari minti bakwai ɗin nan fiye da sau ɗari. Ya bi ƙarar keken ya share ta ƙaf. Ya cire cokali, ya cire iska, ya yanke tarin. Akwai inda Baba ya juya baya ya yi magana muryar ta dusashe, ya yanke wurin. Akwai wata dariyar mace daga nesa da ta hau kan maganar, ita ma ya datse ta. Duk inda aka yi shiru ya matse. Minti bakwai ya koma huɗu. Ya ƙara wa muryar kauri, ya goge ta har ta yi sumul, ya jingina da kujera yana murmushi shi kaɗai.

Kuma duk wannan aiki a kan kwafi ɗaya yake yi, yana gyarawa yana adanawa a kansa, don shi a ganinsa mai gwaninta ba ya tara tarkace. Da ya zo mayarwa a memori, sai ya ƙi matse sabon, wai kada ingancinsa ya ragu. Ya fito ƙato, memorin kuwa ƙarami ne, wuri ya ƙi isa. Ya dubi tsohon, ya dubi sabon. Maganar Auta ta faɗo masa, ya yi tsaki. Me za a yi da shara bayan an samu zinari? Ya goge tsohon, ya zuba sabon a gurbinsa.

Ranar da ya kai, har da kiran Auta a waya wai ta zo ta ga aiki. Ya zaunar da Umma a kujerarta, ya goge hedifon ɗinsa da tsumma, ya ɗora mata a ka da kansa, abin da bai taɓa yi wa kowa a gidan ba. Ya kunna, ya harɗe hannuwa yana jiran hawayen farin ciki.

Umma ta saurara. Goshinta ya tattare. Ba a yi minti ɗaya ba ta ɗaga hannu ta zame abin daga kanta.

"Wane ne wannan?"

"Baba ne mana, Umma."

"A'a. Maganarsa ce, amma ba shi ba ne. Wannan kamar mai karanta labarai. Ina keken?"

"Ai keken ne dattin. Na cire."

"Tarin fa?"

"Shi ma."

Ta dube shi, ba da fushi ba, da mamaki.

"Ɗan nan, shekara talatin da shida ban taɓa jin muryar babanku da rana ba keke a ƙarƙashinta ba. In ya yi tarin nan, juyowa yake ya ce mini shayin ya huce, ni kuma in yi masa dariya daga kicin. Kullum in na zo wurin sai na amsa masa." Ta miƙa masa hedifon ɗin. "Ba komai, ka yi ƙoƙari, Allah ya yi albarka. Ka riƙe wannan tunda shi ya yi maka. Ni mayar mini da nawa."

Nan fa gumi ya karyo masa. Auta ta zuba masa ido, ta gane tun kafin ya ce komai.

"Yaya. Ka ajiye na asalin, ko?"

Ya sunkuyar da kai.

"Yaya, magana nake maka!"

"Wuri ne bai isa ba," ya ce, da wata 'yar murya da shi kansa bai san yana da ita ba.

Auta ta ɗora hannu a ka ta fashe da kuka. Umma ba ta ce uffan ba. Wannan shirun ya fi masa zafi a kan a ce ta kwaɗa masa mari a gaban jama'a. Ya ji da ma ƙasa ta tsage ya shige.

Ya zari memorin ya fita kamar mahaukaci. Ya koma shago ya birkice kwamfutar, babu. Ya nufi layin masu gyaran waya, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, har aka nuna masa wani dattijo da aka ce in abu ya gagare shi to a haƙura. Dattijon ya sa memorin a na'urarsa, ya daɗe yana dubawa, sannan ya cire tabarau.

"Da gogewa kawai aka yi, da na dawo maka da shi yanzun nan. Amma an zuba wani babban abu a kansa, ya take shi. Wane gwanin ne ya yi wannan aikin? Ai ko wanda ya fara jiya ya san a ajiye na asali."

Kunnen Zinari ya so ya ce wani ne. Ƙaryar ta zo har bakinsa ta tsaya.

"Ni ne," ya ce.

Dattijon ya dubi ƙaton hedifon da ke rataye a wuyansa, ya miƙa masa memorin.

Da la'asar ya koma gida ya durƙusa gaban Umma ya faɗa mata gaskiya, yana kuka kamar ba magidanci ba. Ta ce ta yafe, ya tashi. Ta ce ai ta haddace shi, yana nan cikin kanta, ba mai goge wannan. Ya so ya yarda da ita don ya samu sauƙi. Auta kuwa wata guda ba ta ɗaga wayarsa ba.

A shago ya zama wani mutum daban. Ya daina gyara wa kowa sauti. In aka kira shi da laƙabin nan sai ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi, har Dogo ya lura ya hana sauran. Gidan Umma kuwa ya riƙa zuwa kusan kullum, ya yi mata cefane, ya gyara abin da ya lalace, amma ya kasa haɗa ido da ita.

Bayan wata biyar, wata rana da hantsi ya same ta zaune shiru, leɓunanta na motsi. Ta yafito shi ya matso.

"Ɗan nan, taimake ni. Kai da ka yi kwana uku kana saurarensa da babban abin nan naka. 'Yar waƙar da babanku ke yi da hanci yana taka keke, yaya take farawa? Tun jiya nake nemanta, ta ɓace mini."

Ya zauna kusa da ita.

"Wace waƙa, Umma?"

"Wadda yake yi tun daga farko har ƙarshe mana. Ƙasa-ƙasa, tare da keken."

Ya rufe ido ya lalubi ƙwaƙwalwarsa. Ya tuna inda iska ta hura, ya tuna sau nawa aka buga cokali, ya tuna wani gurnani da ya sha wahala kafin ya kashe shi, wanda ya ɗauka na keken ne. Sau ɗari ya saurara da hedifon na albashin wata uku, bai ma san babansa yana waƙa ba. Ita da kunne ɗaya da igiya mai salatif ta ji.

"Ban ji ta ba, Umma," ya ce. "Wallahi ban ji ta ba."

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta juya wajen taga ta ci gaba da motsa leɓe, tana gwada wata murya tana saki, tana gwada wata.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, tsadar abin sauraro ba ita ke sa mutum ya ji ba, kuma abin da ya yi wa kunnenka daɗi ba doka ba ne a kan kunnen kowa. Ba laifi ba ne ka so sauti mai kyau, ka saya, ka more. Laifin shi ne ka raina wanda ya ce nasa ya ishe shi, alhali ba ka tambaye shi me yake ji a ciki ba. In aka damƙa maka amanar abin da ba shi da na biyu, ka ajiye girman kai ka saurari mai shi tukuna, ka kuma saurari wanda ya gargaɗe ka ko da ƙaninka ne. Wata ɓarnar ana yafe maka ita, amma yafiyar ba ta dawo da abin da ka ɓata.