Ranar da Bushiya Ta Zama Ƙwallo

Gatanan gatananku, jikoki.

Ta zo mu ji ta, Malam.

Wata rana dabbobi suka yi wasan ƙwallo, wanda ya ci wasan ya ɓace mini. Kulob ɗin Kura da na Dila dai ba sa ga maciji. Ana kunnen doki ƙwallo ta fashe. Dila ya dubi Bushiya, wadda ta shekara tana roƙon a sa ta wasa, lokacin ba ta da ƙaya.

"Ƙanwata, dunƙule mana, gobe riga mai lamba tara taki ce."

Ta dunƙule, aka yi ta bugun ta har aka tashi. Ta rarrafo ta ce, "Yaya Dila, rigata fa?"

"Ina kika taɓa ganin ƙwallo da riga?"

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera. Daga baya na gwada: ka taɓa bushiya da ƙafa, har yau dunƙulewa take.