Gwajin Kowace Safiya

Akwai wata mace, sunanta Rahila, wadda har yau ba ta manta ranar da ta fara haɗuwa da tsohuwar nas ta asibitin garinsu ba. Ta je ne goye da 'yarta Godiya, idanun yarinyar sun kumbura har ba sa buɗuwa.

Nas ta ce, "Ciwon ƙoda ne, 'yata. Abin da ke gina jiki yana zubewa cikin fitsari." Da magani ya ci, kumburi ya saɓe, sai ta ba ta kwalbar tsinkayen gwaji. "Kowace safiya ki tsoma ɗaya a fitsarinta na farko. In ya zama kore kwana uku a jere, ki kawo ta, ko da tsalle take yi. Tsinken nan yakan riga ido gani."

Rahila ta kiyaye har kaka ta yi. Cirar gyaɗa ta sa kowa sammako, kwalba ta koma bayan randa. Fuskar Godiya kuwa ta fara cika. Kakarta ta ja kumatunta tana dariya. "Ƙawata ta yi ƙiba! Sabuwar gyaɗa ta karɓe ta. Ke kuma Rahila, kullum tarar fitsari, kamar ba ki da aikin yi."

Rahila ta ji daɗi.

Ran Lahadi takalmin Godiya na zuwa coci ya ƙi shiga. Rahila ta danna ƙafar da yatsa, wurin ya lotsa, bai taso ba. Ta ɗauko tsinke ta tsoma a fitsarinta: kore shar. Mijinta Iliya bai tuhume ta ba. Ya share mata hawaye da bakin rigarsa, ya tayar da babur. Kwana tara suka yi a asibiti.

Ga ma'anar misalin nan, ƙaunatattu. Tsinken shi ne Maganar Allah, yarinyar kuwa zuciyarka ce. Zunubi yakan daɗe yana ɓarna a ɓoye, in ya fito ma, mutane su yaba, su ce ƙiba ce. Kada ka jira ka ji ciwo. Ka gwada kanka kowace safiya, musamman ranar da kake ganin lafiyarka ƙalau.

Ranar sallama, Rahila ta durƙusa bakin gadon, ta riƙe ƙafar 'yarta, ta ce a gaban kowa, "Godiya, ko gyaɗa za ta ruɓe a gona, ba zan ƙara fita ban duba ki ba."