Tukunyar Garar Zabo

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu saurara.

Kaza ce take ɗura wa 'ya'yanta dusa kullum. Cikinsu ya cika, amma fiffike ya ƙi tsirowa. Shirwa ta yi ta ɗauke su, har saura ɗaya.

Zabo, maƙwabcin Kaza mai kunya, wanda ya daɗe yana sonta, ya ce, "Uwar tsaki, me yake ci?"

"Dusa, Malam Zabo, har ya bari."

"Tana cika ciki, amma ba ta zama nama."

Ya cusa karmami da kashin shanu a tukunya, ya yayyafa ruwa, ya kife ta a bakin suri. Da safe ya buɗe, ga gara fari fat.

Kaza ta ce, "'Yar wannan za ta ishe shi?"

"Ba shi dai."

Kafin wata ya mutu, Shirwa ta kawo sura, sai ɗan tsako ya tashi fir, ya shige cikin ƙaya. Kaza ta dubi Zabo, ta yi ta yi masa godiya.

Shi ya sa har yau, in aka sa wa kaza ƙwan zabi, take rungume shi kamar nata.

Ƙurunƙus, kan 'yar gara.