Motar Ciyaman Ta Koma Sabuwa

Wata rana ciyaman na wata ƙaramar hukuma ya kawo 'yar motarsa mai turbo garejin Jatau makanike, tana tari tana hayaƙi. Jatau na ganin hayaƙin ya san gurɓataccen baƙin mai ne ya cinye turbon.

"Ranka ya daɗe, sai an canja turbo, kuma da tsada."

"Ku makanikai ɓarayi ne!" in ji ciyaman. "Kuna buɗe bonet sai musayar kaya. Kar ka buɗe, kar ka canja ko noti, amma gobe in same ta sabuwa fil, ko in sa a rushe garejin nan."

Jatau ya wanke mota tas, ya lulluɓe kujerunta da leda.

Washegari ciyaman ya zo ya zaro makulli.

"A'a, ranka ya daɗe!" in ji Jatau. "Sabuwa ka ce, ga ta nan. Kana tayar da ita ta zama ta hannu, ta hannu kuwa ba ta rasa hayaƙi."

"To da me zan je ofis?"

"In kira maka ɗan acaɓa?"

Ciyaman ya ga mutane sun fara dariya. Da hannunsa ya buɗe bonet.