Layi Biyu a Kan Katako

Akwai wani tsohon kafinta a garinmu na Puzi, sunansa Liao Jin-tu. Abin ya fara ne ranar wata Talata da ƙarfe goma na safe, saura kwana tara a yi zagayen haikali na shekara.

Malam Liao ba ya yin kujera, ba ya yin gado. Shekara arba'in aikinsa ɗaya ne: akwatin wufa, babbar sifikar nan mai sauti mai kauri da mutum ke ji har cikin ƙirjinsa. Motar kiɗan haikali ba ta taɓa fita da akwatin wani ba sai nasa.

Yana da dokoki. Ba ya taɓa katakon da aka yi da dusar zarto, domin damshin garinmu kan kumbura shi. Yakan sa tokara biyu a ciki don kada jikin akwati ya yi rawa. In ya shafa gam ya matse da ƙarfe, sai an kwana an wuni kafin ya kwance. Kuma ba ya toshe kafa da foti. Ya ce girgizar sauti da ta mota za su tsaga shi cikin wata uku.

In ya gama akwati, sai ya ɗaura sifika, ya rufe ƙofa da taga, ya kashe fanka, ya saki sauti. Sannan ya kunna turaren tsinke, ya bi da shi kan kowane haɗi a hankali. In hayaƙi ya miƙe, aiki ya yi. In ya karkata, iska na fita. Wanda ya yi akwatin kuma, shi zai ɗauki guduma ya fasa shi da hannunsa.

Wannan doka ta kori masu koyon aiki shida. Ta bakwai 'yarsa ce, Pei-shan.

Shekara goma sha ɗaya da suka wuce ta haɗa akwatinta na farko ita kaɗai, hayaƙi ya karkata a kusurwa ɗaya. Ta ce, "Baba, na bi sikwayarka daidai. Ina jin ita ce ta kauce."

Sikwaya ita ce ƙarfen nan mai kwana da ake auna miƙewar kusurwa da shi. Ta Malam Liao gadon maigidansa ce. Bai ko kalle ta ba. A gaban abokinsa Tsai Wan-fu, shugaban kwamitin haikali, ya miƙa wa yarinyar guduma ya ce, "Hannunki ne ya kauce."

Ta fasa akwatin, ta ajiye guduma. Washegari ta tafi birnin Taichung, ta sami aiki a wata masana'antar da inji ke yanka katako. Da mahaifiyarta ta rasu ta zo, ta yi kwana bakwai, maganarsu ba ta wuce gaisuwa ba.

Tun daga nan shi kaɗai yake. Yana dafa shinkafa kofi ɗaya, ya ci a kan teburin aiki. Rediyo na magana, ba mai amsa mata. Yanar ido ta fara rufe masa gani, bai gaya wa kowa ba. Sai dai ya rataya baƙin ƙyalle a bango don ya riƙa ganin hayaƙi.

A wannan Talatar ya gama sabon akwatin haikali, ya kunna turare. A haɗi na uku hayaƙi ya kwanta gefe.

Ya sake bi. Hayaƙi ya sake kwantawa.

Ba kowa a shagon. Ba wanda ya gani. Ya daɗe a tsaye, turare na ci har ya kusa kai wa yatsunsa. Sannan ya ɗauki guduma ya fasa akwatin, ya share tarkacen, ya ɗauko sabon katako.

Laraba ya auna, ya yanka, ya haɗa, ya matse. Alhamis ya bar gam ya bushe. Juma'a da safe ya kunna turare. Wannan karon a wuri biyu hayaƙi ya karkata.

Yana zaune yana kallon akwatin sai ga Tsai ya shigo da ledar miyar taliya a hannu.

"Tsoho, har yanzu kana raye? An ce an ji dukan guduma ranar Talata. Na ce wa kuma ya rage da za a kora?"

Malam Liao bai yi dariya ba. Ya nuna masa kusurwar.

Tsai ya duƙa ya leƙa. "Ina kafar? Ni ban ga komai ba. Ka shafa foti, ka rufe da kafet. Ranar zagaye ga ganguna, ga wasan wuta, wa zai ji wata iska?"

"Ni zan ji."

"Kai ɗin da sai na kira ka sau uku kake juyowa?" Tsai ya ajiye miyar. "Ka ji, Jin-tu. Kwamiti ya ce in ba a ga akwati ranar Litinin ba, za a yi hayar wani daga birnin Chiayi. Ba zan iya hana su ba."

"Hannuna bai canza ba. Katakon ma shi ne. Ban san me ke faruwa ba."

Tsai ya zauna a kan benci. "Ni shinkafa nake sayarwa, ban san aikinku ba. Amma ina nan ranar da yarinyar nan ta faɗi wata magana a kan ƙarfen can. Ka taɓa dubawa?"

Bai taɓa ba. Gwajin kuwa ba ya cin minti ɗaya, kowane kafinta ya san shi. A ɗora sikwaya a miƙaƙƙen bakin katako a ja layi, a kifa ta a sake ja daga wuri ɗaya. In tana daidai, layi ɗaya za a gani. In ta kauce, biyu.

Malam Liao ya fere fensir. Ya ja, ya kifa, ya sake ja. Ya kai katakon bakin taga, ya matso da shi har ya kusa taɓa hancinsa. Ba abin da yake gani sai wata inuwa mai duhu.

"Kawo in duba maka," in ji Tsai.

Ya rungume katakon a ƙirji. "A'a. Ba kai ya kamata ka fara gani ba."

Lambar wayar Pei-shan na rubuce a bangon shagon da rubutun marigayiya matarsa. Ya sa Tsai ya karanto masa, ya danna. Sai da wayar ta yi ƙara sau biyar aka ɗauka.

"Wa ke magana?"

"Ni ne."

Yana jin ƙarar injuna a bayanta. "Lafiya, Baba? Wani abu ya faru?"

"Na ja layi a katako. Idona ba ya gani. Ina so ki zo ki faɗa min ko ɗaya ne ko biyu."

"Don wannan ka kira ni?"

"Don wannan."

Ta ce za ta duba. Ta kashe.

Ya wuni bai taɓa aiki ba. Miyar taliya ta huce a leda. Ya share shagon sau biyu, ya wanke kofin shayi na biyu wanda ƙura ta daskare a cikinsa.

Asabar da ƙarfe tara na safe ta shigo, da jaka a kafaɗa. Ya ga ta fara furfura a gefen kunne. Ba ta zauna ba. Ta karɓi katakon ta kai taga.

"Biyu ne. A ƙasa suna haɗe, a sama sun rabu. Kamar kaurin farce."

"Tun yaushe kike jin sikwayar ta kauce?"

"Wataƙila tun kafin a haife ni."

"To me ya sa akwatunana ba su taɓa fitar da iska ba?"

Pei-shan ta ajiye katakon. "Domin kafin ka shafa gam kakan haɗa gefunan ka ɗaga su a hasken taga. In ka ga haske ya ratso, sai ka ɗan fere, ka sake dubawa. Kullum haka kake yi. Ba ka taɓa koya min ba, don kai kanka ba ka ɗauke shi wani abu ba. Ni cewa ka yi in bi sikwaya, ba ta ƙarya. Na bi ta. Yanzu idonka ya daina ganin hasken, kai ma ka bi ta."

Malam Liao ya fita ƙofa, ya aika maƙwabciya mai sayar da shayi ta kira masa Tsai.

Tsai ya zo yana haki. "Pei-shan? Ke ce kika zama babbar mace haka? An ce yanzu ke ce ke ba injuna umarni."

"Ina kwana, Kawu Tsai. Kai kuma tumbin bai ragu ba."

"Tsaya a wurin da ka tsaya ranar nan," in ji Malam Liao. Tsai ya tsaya kusa da ƙofa. Tsohon ya juya ga 'yarsa. "A gabansa na ce hannunki ya kauce. A gabansa nake cewa ba hannunki ba ne. Ƙarfena ne, kuma ni ne na ƙi dubawa."

Ya ɗora sikwayar a kan tebur, ya ɗauko guduma ya miƙa mata.

Ta kalli gudumar, ba ta karɓa ba. "Na riga na fasa nawa, Baba. Ya ishe ni. Rataye ta inda za ka riƙa ganinta."

Ta buɗe jaka ta fito da tata sikwayar. Kafin ta taɓa katako sai da ta ja layi, ta kifa, ta sake ja. "Ɗaya," ta ce.

Ita ta auna, ita ta yanka. Da ta haɗa gefuna biyu ta ɗaga su a taga, sai ya matso ya kama ɗaya ɓangaren, ya nuna mata yadda ake karkatar da shi don haske ya bi ta haɗin. Ta ga wani siririn haske. Ya miƙa mata abin fira. Shi ya shafa gam, domin wannan hannu ya san shi ba sai da ido ba. Suka sa tokara, suka matse. Da rana ya dafa shinkafa kofi biyu.

"Gishirin nan ya yi yawa," in ji ta.

"Uwarki ma haka take cewa."

Ta cinye.

Lahadi da la'asar suka kwance ƙarafan, suka ɗaura sifika, suka rufe ƙofa da taga. Ya kunna turare, ya ba ta. Ta bi haɗi goma sha biyu ɗaya bayan ɗaya, shi kuma yana kallon baƙin ƙyalle. Hayaƙi ya miƙe a dukkansu.

Da ƙarfe biyar ta ɗauki jakarta, don Litinin tana da aiki. Ta bar sikwayarta a kan tebur. A bakin ƙofa ta ce, "Zan nemi ranar ganin likitan ido. In na samu zan kira ka. Ka ɗauka."

Alhamis motar haikali ta zaga gari da akwatin. Malam Liao ya tsaya shi kaɗai a ƙofar shagonsa har ta wuce. Pei-shan ba ta dawo aikin shagon ba. Ta kira ranar Lahadin da ta biyo baya, ya ɗauka a ƙara ta farko.

Darasi: Kafin ka yanke wa wani hukunci, gwada abin da kake auna shi da shi. Minti ɗaya na dubawa da girman kai ya hana, shekara goma sha ɗaya ya ci. In ka gano kai ne ka kauce, ka faɗa a gaban waɗanda ka kunyata mutumin a gabansu. Ku tura wa wanda kuka san yana da lambar da ya daɗe bai kira ba.