Ƙasa da Harshe Take Magana

Baba, bayan sadakar bakwai ɗinka Dagaci Jatau ya kira ni bakin gonarmu, a gaban mutane.

Ya ce, "Kanwa ta kashe gonarku, ta dawo hannuna. In ƙarya ne, ƙasar ta faɗa da bakinta."

Na jiƙa ƙasar yadda ka koya min, na murza, ta yi igiya ba ta karye ba. Ƙamshin tafin hannunka take yi. Na miƙa masa.

"Ranka ya daɗe, ƙasa da harshe take magana. Lasa. In ka ji kanwa, taka ce."

"Ni zan ci ƙasa a gaban jama'a?"

"Au, ashe a ɓoye aka saba ci?"

Ya ce in tafi da tsiyata.

Gonarmu tana nan, Baba. Ko Inna ban gaya wa ba tukuna.