Kwaɓin da Auta Ya Zubar

Ku yaran yanzu, da an miƙa muku kujera da makulli sai ku ɗauka an miƙa muku rayuwar mutane har cikin ɗakunansu. Ku natsu ku ji. Ni ba na son taba, ko warinta ba na so, kuma duk jikan da na kama da ita zai gane kurensa. Amma ƙin abu daban, zalunci daban.

Akwai wani dattijo da ke aiki a gidan burodi, kowa Kawu yake ce masa. Shekara talatin da huɗu ya yi a gaban tanderu ɗaya. Shi da maigidan suka fara, su biyu rak, tun wurin yana ɗaki guda.

Burodinsu ba da yis kaɗai ake yin sa ba. Akwai wani tsohon kwaɓi a cikin wata farar roba, a ƙarƙashin tebur, inda ya fi sanyi. Kullum da safe Kawu zai ɗebi kaɗan ya sa a kwaɓin ranar, sannan ya mayar wa tsohon da fulawa da ruwa. In aka daina ciyar da shi, mutuwa yake yi.

Wata biyu kafin a haifi autan maigida aka haɗa kwaɓin nan, shi ya sa ma'aikata ke kiransa Yayar Auta. Lokacin Auta yana ƙarami, in ya shigo da gudu, Kawu kan tare shi ya ce ya fara zuwa ya gaida yayarsa tukuna.

Kawu yana da aibi ɗaya, ba zan ɓoye ba. In ya tashi aiki ya koma gida ya yi wanka, yakan zauna a bencin ƙofar gidansa ya sha sigari kara ɗaya. Bai taɓa shiga da ita wurin aiki ba. Rigar aikinsa ma can take kwana, a rataye a ƙusa.

Da maigida ya rasu, Auta ya hau kujera. Ya sa aka yi fenti, aka sauya fitilu, sannan ya tara ma'aikata ya ce daga yau mashayin taba ba zai yi masa aiki ba, ko a gidansa yake sha, ko ranar hutunsa. Ya ce duk mai sha ya ɗaga hannu.

Ban da Kawu, akwai mutum uku a wurin da kowa ya san suna sha. Suka sunkuyar da kai suna kallon takalmansu. Kawu kaɗai ya ɗaga.

"Ina sha, ɗana. A ƙofar gidana, bayan na tashi."

"A nan ni ba ɗanka ba ne. Manaja nake."

Kawu bai yi gardama ba. Ya sauke rigarsa daga ƙusa, ya naɗe. Abu ɗaya ya roƙa, a ba shi mutum guda ya nuna masa yadda ake ciyar da Yaya.

Auta ya jawo robar ya buɗe, tsami ya bugi hancinsa. Ya ce ashe ruɓaɓɓen abu ake sa wa mutane a burodi, hayaƙi ya toshe wa tsoho hanci shi ya sa ba ya ji. A gaban Kawu ya sa aka juye kwaɓin a kwata, aka wanke robar da sabulu.

Kawu ya koma gida, amma jikinsa ya ƙi yarda an sallame shi. Da asuba zai farka, ya yi sallah, sai ya tsinci kansa a tsallaken titi, kusa da rumfar mai facin taya, yana kallon hayaƙin tanderu. Daga ƙamshi yake gane an yi saurin fitar da farantin burodi, ya girgiza kai shi kaɗai.

Matarsa ta ce masa ya zama kamar wanda ya saki mace yana zagaya layinsu. Ya yi dariya. Amma takan gan shi yana duba farcensa, inda dā fulawa ba ta rabuwa da shi.

Burodin Auta ya fito fari tas, ya kumbura, ga kyan gani. Washegari kuwa sai ya bushe ya riƙa marmashewa. Masu saye suka fara raguwa. Wannan ba shi ne babban abin ba.

Mahaifiyar Auta, Hajiya, ta kwanta ciwo, ta daina cin komai. Abu ɗaya take nema, shayi da gefen burodi, irin wanda ita da marigayi suke karyawa da shi tun suna gidan haya. Auta ya kawo mata da zafinsa. Ta shinshina, ta ajiye, ta tambaye shi a wane shago ya sayo. Ya ce nasu ne. Ta ce a'a, na babansa take so.

Ya ƙara sukari, ya ƙara madara, ya sauya fulawa. Kullum sai ta shinshina ta ture.

Ranar da ya rasa dabara, ya nufi gidan Kawu da yamma. Ya same shi a benci da sigari a hannu. Kawu na ganinsa ya kashe ta, ya matsa masa wuri. Auta bai zauna ba, durƙusawa ya yi.

"Kawu, don Allah, ko ɗan cokali ba ka ɗebo ba ka ajiye?"

"Ban ɗiba ba, ɗana. Ba nawa ba ne, na babanka ne."

Kawu bai yi masa gori ba. Washegari ya mayar da rigarsa ƙusa, ya haɗa sabon kwaɓi. Mako biyu yana ciyar da shi kafin ya tashi. Da ya gasa na farko, da kansa ya naɗe a ƙyalle ya kai wa Hajiya.

Ta gutsuri kaɗan, ta daɗe tana taunawa.

"Da daɗi, Kawun yara. Hannunka ne, na gane. Amma hannun babansu ba ya ciki."

Ta juya ta fuskanci bango. Ba ta cika wata ɗaya ba ta rasu, ba ta sake ɗanɗana abin da take nema ba.

Auta ya soke dokarsa. Yanzu shi da kansa ke ciyar da sabon kwaɓin kowace safiya, Kawu na tsaye a kansa, kuma har yau ba wanda ya raɗa wa kwaɓin suna. Tsohuwar robar tana ofishinsa. Ma'aikata sun ce wani lokaci yakan buɗe ta ya sa hanci, ba ya jin komai sai sabulu.

Darasi: Ka auna ma'aikaci da aikin da ya yi maka, ba da abin da ya yi a ƙofar gidansa ba. In yana da aibi ka yi masa nasiha, kada ka raba shi da abincinsa, domin ba ka san abin da zai fita tare da shi ba. Ku tura wa duk wanda kuka san an ba shi kujera, ya karanta tun kafin ya zubar da abin da ba ya kwasuwa.